Aikin hannu ko aikin aljihun uba?

Jama'a, a yi haƙuri, yau sai na faɗa.

'Yata ta kwashe hutun nan tana haɗa zane a gida. Ta tara kwalin taliya da tsohuwar jarida da ƙyallayen atamfa daga wajen tela, ta dama sitaci ya zama gam, ta liƙe su a jikin yadi, ta bi da fenti. Da ta kai makaranta, malamin ko kallo bai yi ba. Wai kowa ya kawo tsintsiya biyu ko kuɗinsu a ba shi maki. Da kuka ta dawo.

Haba malam! Me aka koya wa yaro a nan, in ba sayen maki ba?

Mu ma iyaye da laifinmu, kullum "daina tara min shara". To El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka, da murafun kwalabe yake aikinsa, har ya samu babbar lambar yabo a Venice ta Italiya a 2015. Ladi Kwali tukwane ta gina, ga hotonta a bayan naira 20.

Litinin in sha Allahu ina ofishin hedimasta, da zanen a hannuna. Ku ma ku tambayi naku yaran me suka kai.