Teburin sunuka a gidan haya: lissafin da ya kamata ma'aikaci ya yi tun kafin saye

A shagunan kayan wasanni na Abuja, da shafukan sayar da kayan hannu na intanet, teburin sunuka ya shiga jerin abubuwan da ma'aikacin da ya fara samun sarari ke sha'awar ajiyewa a gida. Galibin masu sayensa iyaye ne, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: sun fi son 'ya'yansu su yi wasa a gaban idonsu da su tafi rumfar sunuka ta bakin hanya, inda sau da yawa caca da shaye-shaye ke raɓe da wasan. Niyyar ba ta da aibi. Sai dai ga ma'aikacin tarayya da ke zaman haya, ko hadimin ɗan siyasa da aikinsa ke rataye da wa'adin maigidansa, wannan saye ne da ya fi kusa da asara, matuƙar ba a yi lissafinsa tun daga farko ba.

Abin da ake kira sunuka a Najeriya yawanci ba shi ne sunuka na asali ba. Na asalin, wanda hafsoshin sojan Birtaniya suka ƙirƙiro a Jabalpur ta ƙasar Indiya a 1875, ana buga shi da ƙwallaye 22 a kan tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6. Wanda ake gani a gidaje da rumfuna shi ne ɗan'uwansa mai ƙwallaye 16, da tebur na ƙafa 7, 8 ko 9. Ko wannan ƙaramin ma yana cin wuri fiye da yadda ido ke nunawa a shago.

Lissafin mai sauƙi ne. Filin wasa na tebur mai ƙafa 7 inci 78 ne a tsaye, 39 a kwance. Sandar bugu tana kai inci 57 zuwa 58, kuma dole mai wasa ya samu damar miƙa ta daga kowane gefe ba tare da ta daki bango ba. Idan aka ƙara tsawon sanda a ɓangarori biyu, ana bukatar fili na kusan ƙafa 16 da 13 wanda babu kujera ko kabad a cikinsa. Mai ƙafa 9 kuwa sai ƙafa 18 da 14. Ɗakin kwanan da magina suka saba yankawa ƙafa 12 da 12 ne, wato ko mafi ƙanƙantar teburan ba zai zauna a ciki yadda ya kamata ba. A gida mai ɗaki biyu ko uku a Kubwa, Lugbe ko Karu, falo kaɗai ke iya ɗaukarsa, kuma falon shi ne wurin baƙi, wurin cin abinci, wurin karatun yara. Maigidan da ya yanke wannan shawara ba tare da uwargida ba ya sayo wa kansa rigimar da ta fi teburin nauyi.

Sai batun abin da ke ƙarƙashin ƙyallen. Teburan iri biyu ne. Mai araha ana yin shimfiɗarsa da matsattsen garin katako, wanda kafintoci ke kira MDF. Ba shi da nauyi, mutum biyu ko uku za su ɗaga shi, amma yana shan danshi. Damina a Abuja tana ɗaukar kusan wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan hunturu ya biyo da bushewa. Katakon da ya kumbura ya kuma bushe yakan lanƙwashe, kuma da zarar ya lanƙwashe ƙwallo ba za ta sake tafiya a miƙe ba. Babu gyaran da ke mayar da shi. Araha ba ta ado.

Mai inganci kuwa shimfiɗarsa falalen dutse ne mai suna silet, irin wanda ake yin allon makaranta da shi a da, mai kaurin kusan inci ɗaya, yawanci a yanka uku. Ana haƙo shi a ƙasashe irin su Birazil, Italiya da Sin, don haka farashinsa ke bin dala. Danshi ba ya taɓa shi, yana iya wuce shekarun aikin mai shi. Amma tebur mai ƙafa 7 na irin wannan yana kai kilo 300, nauyin buhun siminti shida, mai ƙafa 9 kuma yana haura kilo 400.

A nan ne matsalar ma'aikaci take. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida zuwa kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati na Abuja a shekarun da suka biyo baya, yawancin ma'aikatan tarayya 'yan haya ne. Mai gida na iya ƙara kuɗi a ƙarshen shekara, ofis na iya yin canjin wurin aiki zuwa Legas ko wata jiha, hadimi kuma yakan tattara nasa ya nasa ranar da maigidansa ya sauka. Duk ƙaura ɗaya tana nufin a wargaza teburin gaba ɗaya: a cire aljihunan, a kwance gefunan roba, a zare ƙyalle a hankali, a kwance dutsen yanki-yanki, a ɗauki kowane yanki a tsaye da mutum biyu ko uku. Masu dakon kaya da suka saba da firij da gado sukan so su ɗaga shi ɗungurungum, ko su ja shi a kan tayil. Hakan ke karya ƙafafu, ya tsaga dutse, wani lokaci ya ji wa mutum rauni a matakalar bene. Dutsen da ya fashe kuwa ba kasafai ake samun madadinsa shi kaɗai ba, domin yankunan uku tare ake goge su a masana'anta.

Idan an isa sabon gida aikin bai ƙare ba. Sai an daidaita gangar jikin da ma'aunin ruwa mai kyau, an ɗora dutsen, an cusa siraran katako a ƙarƙashinsa har ko'ina ya yi daidai, an cike mahaɗan da kakin zuma, sannan a ja ƙyalle a ɗaure ba tare da tattara ba. Daɓen gidaje da yawa ba a miƙe yake ba, kuma karkata kaɗan ta isa ta sa ƙwallo ta riƙa gangarawa gefe guda. Wannan aikin gwani ne, kuma gwanayensa ba su da yawa. Duk wanda zai saya ya kamata ya fara tambayar wanda zai kafa masa, ya sa kuɗin kaiwa da na kafawa a cikin takardar ciniki, ya kuma san cewa zai sake biyansu a kowace ƙaura, sau da yawa har da sabon ƙyalle. Ajiye shi a baranda ko ƙarƙashin rumfa don gudun cinye falo ba mafita ba ce: zafin Maris yana busar da robar gefe har ta daina mayar da ƙwallo, ƙurar hunturu kuma tana cinye ƙyalle.

Akwai wata hanyar da teburin ke shigowa gidan ma'aikaci wadda ta fi duk waɗannan haɗari, wato kyauta. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, ya kuma ɗauki kyautar kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati a matsayin saɓa wa doka har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da ya kai kilo 300 ba ya ɓoyuwa a aljihun tebur. Yana nan a tsakiyar falo, duk mai shigowa yana ganinsa.

Za a iya cewa duk wannan wahala ba ta kai darajar tsare yaro daga rumfar caca ba. Gaskiya ne, tarbiyya ta fi kuɗi. Amma tebur a gida ba ya tsare yaro shi kaɗai. Abin da ke jan matashi rumfa shi ne abokai da gasa, don haka ko dai abokan su biyo shi gida, wanda ke bukatar babba da zai sa ido, ko kuma teburin ya koma wurin jibge wanki bayan 'yan watanni. Yawan teburan da ake tallatawa a matsayin kayan hannu, da bayanin cewa mai su zai ƙaura, ya isa abin lura.

Ga wanda ya mallaki gidansa, yake da ɗaki a ƙasa da ya kai awon da aka ambata, kuma ba ya shirin tashi, tebur mai dutse saye ne na hankali. Zai yi wa 'ya'ya, ya yi wa jikoki, ya kuma zama abin ɗebe kewa bayan ritaya. Ga ɗan haya kuwa, hanyar da ta fi dacewa ita ce ta haɗin gwiwa. Rukunin gidaje da yawa a Gwarinpa, Lokogoma da makamantansu suna da ƙungiyoyin mazauna da ke karɓar kuɗin tsaro da na shara, ma'aikatu kuma suna da ƙungiyoyin adashi da na wasanni. Tebur ɗaya mai kyau a ɗaki mai kulle, da lokacin buɗewa da rufewa, da dattijo mai kula, da dokar hana sa kuɗi a wasa, zai amfani gidaje ashirin da kuɗin da gida ɗaya zai kashe. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta iso, ma'aikaci zai ɗauki sandarsa kawai ya kama hanya. Daidai ruwa, daidai tsaki.