Kabejin Brussels da Amanar Mai Sayar da Iri



Wani maƙwabcina a nan Kano ya ja ni bayan gidansa in ga abin da ya ɓata masa rai. Wata huɗu cur yana ban ruwa safe da yamma, yana zuba takin awaki. Kara ya tashi har ƙugu. 'Ya'yan da ya kamata su dunƙule a gindin kowane ganye kamar ƙwan zabo kuwa, duk sun buɗe sun yi yaushi, ga ɗaci. Kabejin Brussels ne, wanda ya ci sunan babban birnin Beljiyam.

Mai sayar da iri ne ya cuce shi. Ina sake faɗa, mai sayar da iri ne. Ya nuna masa hoton jikin takarda, ya karɓi kuɗi, ya ce "Alhaji, ko'ina yana yi." Bai gaya masa shukar sanyi ba ce, mai son yanayin digiri 15 zuwa 18. A Ingila da Holand cikin tsananin hunturu ake girbinsa, a ci da Kirsimeti, kuma in raɓa ta daskare a kansa zaƙi yake ƙarawa. Mu fa? Sanyinmu na Disamba da Janairu ne, kafin Maris ya ƙare rana ta buɗe wuta. Kabejin da muka saba yana naɗewa cikin wata uku, ya tsere wa zafi. Wannan ba ya sauri.

Kuma ku dubi yadda ake ajiye irin ma! A rataye a bakin shago, rana na dukansa tun bara, takarda ta koɗe, kwanan wata ya goge. Na tumatir haka, na karas haka, na latas haka. Mace ta tara 'yan kuɗinta na adashi ta saya, rabi bai tsiro ba, ta koma tana zargin hannunta. Wannan ba cin amana ba ne?

Don Allah, masu sayar da iri, ku ji tsoron Allah. In mai lambu daga Jos ya zo, inda tsauni ke riƙe sanyi, ku sayar masa, ku ce ya riƙa tsinka daga ƙasan kara yana hawa sama. In na Kano ne ko Sakkwato, ku gaya masa gaskiya kafin ya sa hannu a aljihu.