In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Halin Da Jin Jama'a Ke Ciki A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Da zarar kaka ta yi a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai ƙarar injuna ta cika gari. Injin casar masara yana aiki a bakin gona, injin niƙa yana aiki a cikin unguwa, ga kuma janareta da lasifika a kasuwanni irin su Sheme. Wannan alama ce ta albarkar noma. To, amma akwai wata hasara da ke tafe tare da ita wadda ba a cika lissafawa ba, watau lalacewar jin masu tsayawa a gindin waɗannan injuna tun safe har magariba, waɗanda akasarinsu samari ne da yara.

Domin a gane girman al'amarin, wajibi ne a san yadda kunne ke aiki. Sauti yana shiga ta ramin kunne ya bugi wata 'yar fata siririya da ake kira dodon kunne, sai ta girgiza. A bayanta akwai ƙasusuwa uku, mafiya ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, su ne ke miƙa girgizar zuwa can ciki, inda wata gaɓa take mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, waɗanda ke mai da girgizar saƙo, jijiya kuma ta kai shi ƙwaƙwalwa. Abin lura shi ne, idan ƙara mai tsanani ta kashe waɗannan ƙwayoyi, ba sa sake tsirowa. Dodon kunne kan warke in ya huje, amma su kam in sun tafi, sun tafi ke nan.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum kimanin 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar da ta kai 85, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Ke nan a 94 awa ɗaya ce tak, a 100 kuwa minti 15. Wanda ba shi da na'urar awo yana da hanya mai sauƙi: in har sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da shi ya ji, to ƙarar wurin ta kai ta cutarwa. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san da hannu ake magana da mai inji. Alamar farko ita ce ƙugi a kunne bayan an tashi aiki, da kuma jin muryar mutane ba tare da rarrabe kalmominsu ba.

Har ila yau, matsalar tsaro ta ƙara wani nauyi. Ƙarar harbin bindiga takan wuce desibel 140, kuma harbi ɗaya kusa da kunne ya isa ya yi lahani na dindindin. Matasan da ke cikin rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, da sauran jami'an tsaro, suna buƙatar abin toshe kunne, musamman wajen koyon harbi. A ƙauyen da mutane ke kasa kunne cikin dare domin jin ƙarar babura daga nesa, ji shi ne mai gadi na farko.

Ba ƙara ce kaɗai ke kurmanta mutane ba. Sanƙarau, wanda kan ɓarke da bazara, yana kan gaba. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma a 2017 ta sake ɓarkewa a jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina da wasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya daga cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin mai tsananin yakan tashi da wata naƙasa, ciki har da kurumta. Haka nan ƙyanda da hangum, da ciwon kunne mai zubar da mugunya wanda iyaye kan ɗauka ba komai ba ne. Akwai kuma allurai irin su jentamaisin, waɗanda kan lalata ji idan aka yi su ba bisa umarnin likita ba, da kuma al'adar sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana.

Rahoton da Hukumar ta fitar a 2021 ya nuna mutum miliyan 430 a duniya suna fama da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana aukuwarta. Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai dokar ƙayyade ƙara ta hukumar NESREA tun 2009, kuma a 2024 ƙasar nan ce ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin nau'o'i biyar na sanƙarau a duniya. Abin da ya rage shi ne waɗannan su isa ƙauye, inda rashin tsaro ya sa kai rigakafi yake da wuya.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin uku su haɗa kai da ƙungiyoyin masu injuna, a raba abin toshe kunne na roba, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a riƙa karɓa-karɓa a bakin inji, a kuma daina ɗora wa yara ƙanana wannan aiki. Ma'aikatar Ilmi ta sa a riƙa gwada jin ɗalibai a farkon kowace shekarar karatu, domin sau da yawa yaron da ake kira daƙiƙi a aji, ba ya jin malami ne kawai. Makarantar Kurame ta Malumfashi tana ƙoƙarinta wajen ilmantar da waɗanda suka riga suka rasa ji, amma aikin Hukuma da iyaye shi ne rage yawan yaran da za su buƙace ta.