Tsohon Agogo: Kada Hoton Waya Ya Ruɗe Ka

A 2021 kamfanin Omega ya sayi tsohon agogonsa Speedmaster na 1957, mai baƙar fuska da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, kan sama da dala miliyan 3 a gwanjo. A 2023 asiri ya tonu: harhaɗa shi aka yi.

Idan maƙerin agogon ya ruɗu, ina ga kai mai duba hoto a Instagram? A ganina, duk fuskar da ta fita daban abin zargi ce. Nemi lambar jikinsa, ka ga ko shekararta ta dace da fuskar. Agogon shekarun 1960 mai alamar "T SWISS T" da ke haske tsawon dare, an taɓa shi, domin ƙarfin sinadarin tritium kan ragu da rabi duk shekara 12. Ba a cinikin biri a sama.