Ba Da Lalaci Aka Haifi Ma'aikacin Gwamnati Ba

Yau da kanmu za mu fara.

A yawancin labaranmu, ma'aikacin gwamnati shi ne mai zuwa ofis ƙarfe goma, ya sa hannu, ya sulale kafin azahar. Na kamfani kuwa kullum tsayayye ne mai fara'a. Daga nan sai mu yanke hukunci cewa hali ne. Gaskiya wannan ragwancin tunani ne.

Ku dubi malamar jinyar da ke aikin safe a asibitin gwamnati, da yamma ta wuce asibitin kuɗi. Da safe tsawa, da yamma "sannu Hajiya". Mutum ɗaya ce fa. Yadda take kallon wuraren biyu ne ya bambanta. A na safen ta ga ba kayan aiki, ƙarin girma sai mai uwa a gindin murhu, wanda ya yi da wanda bai yi ba albashinsu ɗaya. Wurin da kansa ya koya mata cewa ƙoƙari asara ne.

Gwamnatoci sun sha gwada bulala. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, da yawansu ba a ji ta bakinsu ba. Darasin da wasu da suka rage suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, a tara tun da wuri. A 1984 aka zo da WAI, har da sa makararru tsallen kwaɗo. A 2004 aka kafa SERVICOM. Har gobe kukan bai sauya ba, domin bulala tana kawo mutum ofis, amma ba ta sa ya ɗauki aikin a matsayin nasa.

Kada kuma fara'ar ma'aikacin kamfani ta ruɗe mu. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku tambayi malaman ƙananan makarantun kuɗi nawa suke ɗauka. Sau da yawa murmushin nan na tsoron kora ne, kuma ranar da aka buɗe ɗaukar aikin gwamnati su ne a gaban layi.

Ba muna wanke mai ɓoye fayil sai an ba shi na goro ba ne, zalunci sunansa zalunci. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka in za mu rubuta ma'aikaci, mu rubuta shi tun ranar da ya kama aiki da zumuɗinsa, mu nuna wanda ya kashe masa gwiwa. In muka tsaya a zagin magatakarda, mun rufa wa mai danne ƙarin girmansa asiri ke nan.

Allah Ya sa alƙalumanmu su yi adalci.