FILIN KIWON LAFIYA: Wankin Saiwar Haƙori Kafin Ciko

Sau da yawa akan ji mutum yana kukan cewa an yi masa aikin saiwar haƙori, ya biya kuɗi masu yawa, amma bayan shekara ɗaya ko biyu ciwo ya dawo, dasashi ya kumbura, har ta kai ga cire haƙorin. Akasari akan ɗora laifin a kan abin da aka yi cikon da shi. Masana ilmin haƙori kuwa sun gano cewa babban ɓangaren al'amarin yana ga irin wankin da aka yi wa ramin kafin a cike shi.

Haƙori dai ba dunƙulallen ƙashi ba ne. A tsakiyarsa akwai kogo mai ɗauke da ɓargo, wato nama mai laushi da jijiyoyi da hanyoyin jini, kogon kuma ya zarce cikin saiwa ta wasu siraran ramuka. Idan ruɓa ta kai ga ɓargon, sai likita ya huda haƙorin, ya kwashe abin da ya lalace, ya goge bangon ramin da 'yan ƙananan magagarai, sa'an nan ya cusa wani ɗanko da ake kira gata-faca, wanda asalinsa ƙaron wata bishiya ne ta yankin Malesiya. Shi wannan ɗanko ba ya manne wa haƙori da kansa. Sai an haɗa shi da wani gam na musamman, kuma kamun da gam ɗin ya yi wa bango shi ne ke hana ƙwayoyin cuta komawa.

To, a nan gizo ke saƙar. A shekarar 1975 masu bincike biyu, McComb da Smith, suka nuna cewa gugar magagari tana barin wata laka a jikin bangon, haɗin garin haƙori da guntayen nama da ƙwayoyin cuta. Kaurinta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na milimita ba, amma tana toshe dubban 'yan ƙofofin da ke jikin bangon, waɗanda ta cikinsu ne gam yake kutsawa ya kafu. Kowane magini ya san yaɓen da aka yi a kan bango mai ƙura ba ya daɗewa bai ɓamɓare ba. Haka abin yake a cikin haƙori.

Ruwa iri biyu ne aka fi dogara da su wajen wankin. Na farko shi ne sodiyam haifokulorait, ɗan'uwan bilic ɗin wanki, wanda Henry Dakin, Baturen Ingila, ya haɗa irinsa a 1915 domin wanke raunukan sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana narkar da mataccen nama, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya iya narkar da garin haƙori. Wannan aikin na ruwa na biyu ne, mai suna EDTA, wanda Nygaard-Ostby na ƙasar Norwe ya shigo da shi cikin aikin a 1957. Akan yi amfani da mai ƙarfin kashi 17 cikin 100 na kamar minti ɗaya. In aka bar shi ya daɗe, sai ya zaizaye bangon da kansa, a tashi gyaran gira a rasa ido.

Abin lura shi ne kowane ruwa yana barin sawunsa, kuma ba kowane gam ne ke jituwa da wannan sawu ba. Haifokulorait yana raunana zaruruwan da ke jikin bangon, yana kuma barin iskar oksijin wadda ke hana wasu nau'o'in gam na roba daskarewa sosai. Don haka wasu likitoci kan bi bayansa da ruwan sodiyam askobet, dangin bitamin C, domin kashe kaifinsa. Akwai kuma ruwan kulohegzidin, mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda in ya gamu da haifokulorait a cikin rami sai su haifar da wani tsaki mai launin ƙasa da ke sake toshe ƙofofin. Dole a ɗauraye ramin a tsakaninsu. Hatta busarwa tana da ƙa'ida. Gam mai kama da siminti, dangin wanda Mahmoud Torabinejad ya ƙirƙiro a Jami'ar Loma Linda ta Amurka cikin shekarun 1990, sai da ɗan damshi yake ƙanƙamewa, saboda haka busar da rami ƙayau yana rage masa kamu.

Yadda ake kai ruwan ciki shi ma abin dubawa ne. Wani bincike na 2001 ya nuna cewa magagari ba ya taɓa kashi 35 cikin 100 na bangon, ko ma fiye, domin ramin yana da lunguna da rassa. Ruwa kaɗai ke isa can. Sirinji da allura, waɗanda aka fi sabawa da su, ba su cika tura ruwa fiye da kamar milimita 1 gaba da bakin allurar ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro na'urar da ke kaɗa ruwan da saurin gaske, da wadda ke zuƙo shi daga ƙasan ramin. A gwajin da ake yi da cirarrun haƙora, waɗannan hanyoyi sun fi fitar da laka, gam kuma ya fi shiga ƙofofi. Duk da haka, likitan da ya yi aiki da sirinji cikin natsuwa, ya yawaita ruwa, ya bi tsari, yakan sami biyan bukata.

Mai ciwo ma yana da nasa rabon aikin. Kada ya ƙosa in ya ga likita yana ta wanki, ko ya shimfiɗa masa ƙyallen roba a baki, domin ƙyallen ne ke tare miyau, yana kuma kare baki daga ƙunar maganin. Kada kuma wani ya kuskura ya ɗiga bilic a kogon haƙori a gida, don yana ƙona nama. Daga ƙarshe, tilas a koma a rufe saman haƙorin da ciko na dindindin ko hula. A 1995 Ray da Trope sun duba hotunan haƙora fiye da 1,000 da aka yi wa wannan aiki, suka tarar cewa ingancin murfin sama yana da babban tasiri ga lafiyar saiwa. Wanda ya ji ciwo ya lafa ya ƙi komawa asibiti, ya ba miyau da ƙwayoyin cuta hanyar warware duk aikin da aka yi masa.