A buɗe taga, ƙasar nan ba hamada ba ce duka

Akwai wata ɗabi'a da manyanmu masu yawan tafiya suka mayar alamar wayewa: da zarar sun shiga jirgin sama sai su nemi kujerar bakin hanya, idan kuwa ta taga ta faɗo musu, su ja marufi su rufe ido. A wurinsu leƙen taga ƙauyanci ne, aikin wanda bai taɓa hawa ba. Su ɗin nan ne kuma za su sauka a wani taro su ce hamada ta cinye Nijar, alhali ba su taɓa duban ƙasar daga sama ba.

To, wanda zai tashi daga Yamai zuwa Damagaram, ya nemi taga ta hannun hagu, nesa da fiffike. In zai komo, ta dama. Dalili kuwa, daga kaka har ƙarshen hunturu rana tana karkata kudu, saboda haka mai kallon arewa ba ta kashe masa ido. Sai dai ya guji kwanakin hazo, don a lokacin nan ko tsuntsu ba ya ganin kome. Da fari zai ga Dallol Bosso, tsohuwar hanyar ruwa, shimfiɗe tsakanin fako. Can gaba, wajen Adar, idan sama ta yi garau, ga kwarin Majiya da layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska.

Amma abin da ya fi cancantar kallo yana gabas, a gonakin Maraɗi da Damagaram. Gawo itace ne mai saɓa wa ƴan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Don haka idan an girbe hatsi, ƙasa ta yi fari, sai ka ga ɗigo-ɗigon kore ko'ina, iyakar ganinka. Ba wani ma'aikaci da ya dasa su. Bayan farin 1984 manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture, suna sassabe suna barin na bari. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na 1975 da na farkon shekarun 2000 sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Abin kunya a nan shi ne, sai da baƙi suka ɗauko hoto daga sama kafin ofisoshinmu su yarda da aikin da talaka ya shekara ashirin yana yi a bayan gidansa.

Za a ce mini kallo daga sama ruɗi ne, ba ya nuna rumbun da ba hatsi, ba ya nuna yaron da tamowa ta kama. Gaskiya ne, kuma ban ce taga ta maye gurbin takawa da ƙafa ba. Amma mai rufe taga ba don ya je ƙauye yake rufewa ba. Daga filin jirgi sai mota mai baƙin gilashi, daga mota sai otal. Rahoton da zai sa wa hannu, wanda da shi za a yanke inda kuɗin dashen itace za su tafi, wani ne ya rubuta shi a Yamai, shi ma a ɗaki mai labule.